NA'URA DA LITTAFIN KUƊI: BAYANI DOMIN 'YAN KASUWA DA AKAWUNA NA HAYIN KOGIN KADUNA

Wanda ya taso daga tsakiyar garin Kaduna ya haye gada ya nufi kudu, zai fara iske tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sa'an nan Barnawa, da Kakuri, da Makera, da Nasarawa, har ya fita Sabon Tasha ko Gonin Gora. Wannan yanki shi ne unguwar masana'antu ta Kaduna tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa. A nan ne aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a shekarar 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekaru goma da suka biyo baya aka kafa Nortex, da United Nigerian Textiles, da Arewa Textiles. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da wani ɗaki wanda ba a jin ƙarar inji a cikinsa, amma in ya lalace, dukkan sauran ɗakunan sun lalace. Wannan shi ne ofishin lissafin kuɗi. Daga nan albashi ya ke fitowa, nan kuma a ke sanin ko ana cin riba ko ana faɗuwa. Haka abin ya ke ga mai kanti guda, da mai makaranta, da mai gidan burodi, ko da ofishin nasa bai wuce littafi ɗaya da ya ke ajiyewa a aljihun tebur ba.

Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta ke gyara aikin lissafin kuɗi, da abin da ta ke iyawa, da abin da ba ta iyawa, da kuma abin da ya kamata mutum ya fara yi tun bai kashe ko kwabo wajen sayenta ba.

AIKIN AKAWU A ZAMANIN DA

Rubuta kuɗin jama'a bisa tsari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. An fara kafa Baitulmali a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, zuwa shekarar 1911 kuwa tsarin ya bazu a sauran En'e-En'e na Arewa. Ma'aji da malamansa su ne ke riƙe da littattafai, kuma ba a fid da kuɗi sai da bauca wadda mai iko ya sa wa hannu. Daga baya makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta zama sashen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta horar da akawuna masu yawa domin wannan aiki.

Mai karatu na yanzu zai so ya san irin wahalar da su ke sha. Kuɗin lokacin fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma ke yin fam. A ce ladan wani ma'aikacin masaƙa sule biyar da sisi ne a rana, ya kuwa yi aikin kwana 26 cikin wata. Sai akawu ya buga lissafi ya sami sule 143, ya mai da shi fam 7 da sule 3, sa'an nan ya ɗora ladan ƙarin lokaci, ya cire haraji, ya cire bashin da ma'aikacin ya ci. Wannan na mutum ɗaya ke nan, alhali masaƙa ɗaya tana da ma'aikata dubbai. Saboda haka in wata ya doshi ƙarewa akawuna su kan kai dare a ofis, suna ƙirga kuɗi suna zubawa cikin ambulan, ko wane ambulan da sunan mai shi.

Babbar illar wannan tsari ita ce yawan kwafa. Ciniki guda a kan rubuta shi a rasit, a sāke rubuta shi a littafin ciniki na yini, a sāke kai shi babban littafi, mai sito kuma ya rubuta shi a katinsa. Ko wane kwafi ƙofa ce ta kuskure. Wanda ya ga 65 ya kan rubuta 56 in ya gaji, kuma ba za a gane ba sai ƙarshen wata, sa'ad da littattafai suka ƙi daidaita. Sai a share kwanaki ana neman inda sule tara suka maƙale. Ko wane kwafi kuma ƙofa ce ga marar gaskiya, domin yana iya rubuta wani abu a rasit, ya rubuta wani dabam a littafi.

ƘA'IDAR DA BA TA CANJA BA

Kafin a yi maganar na'ura, wajibi ne a san ƙa'idar da lissafin ya ke tsaye a kanta. Ita ce wannan: ko wane kuɗi yana da inda ya fito, yana kuma da inda ya tafi, saboda haka sai a rubuta shi a ɓangare biyu. In mai kanti ya sayo kaya ya biya nan take, kayan sitonsa sun ƙaru, kuɗin akwatinsa sun ragu daidai wannan adadi. In ya ɗauko kayan bashi ne, kaya sun ƙaru, bashin da a ke binsa ma ya ƙaru. In an tara ɓangarorin nan biyu, tilas jimlarsu ta zo ɗaya. In ta saɓa, to, akwai kuskure a wani wuri.

Fataken Italiya ne suka daɗe suna aiki da wannan hanya, har wani malamin lissafi mai suna Luka Pacioli ya rubuta bayaninta cikin littafin da aka buga a birnin Banis a shekarar 1494. Daga lokacin zuwa yau ƙa'idar ba ta canja ba. Yawancin manhajojin lissafin kuɗi da a ke sayarwa bisa wannan ƙa'ida aka gina su. Wanda ya fahimci littafi zai fahimci na'ura. Wanda bai fahimci littafi ba, na'ura sai ta ƙara rikita shi.

YADDA NA'URA TA SHIGO OFIS

A ƙidayar mutanen Amurka ta 1890 aka yi amfani da injin wani mutum mai suna Haman Holerit, wanda ke karanta kati mai huda-huda yana tara adadi. Kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗa suka zama IBM. Shekaru da yawa manyan kamfanoni da hukumomi suna yin lissafinsu da irin wannan kati.

Abin mamaki, kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin ofis ba na injuna ba ne. Kamfanin J. Lyons ne na Ingila, masu gidajen shan shayi da gasa burodi. Su suka ƙera na'urarsu mai suna LEO, ta fara aiki a 1951, a 1954 kuma ta fara lissafin albashi. Abin da ƙwararren akawu ya kan yi cikin minti 8 domin ma'aikaci ɗaya, na'urar ta yi shi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Amma akwai abin lura game da mutanen Lyons. Tun shekaru kafin su ƙera na'ura sun riga sun ware ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne bin diddigin ko wace takarda ta ofis, su tambaya me ya sa a ke cika ta, wa ke karanta ta, ko kuwa ana iya yar da ita. Sun gyara hanyar aiki tukuna, sa'an nan na'ura ta zo ta bi hanyar da aka gyara.

A Nijeriya, ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, kwabo 100 kuma ya zama naira ɗaya. Wannan kaɗai ya rage wa akawu wahala ƙwarai, ya kuma sauƙaƙa aiki da injin lissafi. A 1979 aka fito da VisiCalc, manhaja ta farko mai shimfiɗa jadawali a fuskar ƙaramar kwamfuta, wadda in an canja adadi ɗaya sai jimla duka ta gyara kanta. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, Excel kuma a 1985. Yau mai kanti a Kakuri yana riƙe da waya a hannunsa wadda ta fi LEO ƙarfi nesa ba kusa ba.

ABIN DA NA'URA KE GYARAWA

Amfanin kwamfuta ga lissafin kuɗi ana iya taƙaita shi cikin magana ɗaya: a rubuta abu sau ɗaya, a lokacin da ya faru, a wurin da ya faru, sa'an nan ko wane littafi ya ɗauka daga can.

Ga misali. A ce wani mai sayar da siminti a Sabon Tasha yana da yaron kanti, da mai sito, da direba. Wani magini ya zo ya ɗauki buhu 20, ya biya rabi, saura sai ƙarshen mako. A tsohuwar hanya sai an yi rubutu a wuri huɗu: rasit, da littafin ciniki, da katin sito, da littafin bashi. In an manta da na huɗun, kuɗin buhu goma sun tafi ke nan, sai fa in maginin mai amana ne. A sabuwar hanya yaron kanti zai shigar da cinikin sau ɗaya. Nan take rasit ya fito da lambarsa, sito ya ragu da buhu 20, kuɗin da aka karɓa suka shiga lissafin yini, sunan magini kuma ya hau jerin waɗanda a ke bi bashi, tare da ranar da ya yi alkawari. Maigida ko yana Kano zai duba wayarsa ya gani.

Daga wannan rubutu guda sai amfani huɗu su fito.

Na farko, sito. Na'ura tana nuna abin da ya kamata a samu a sito ko wace rana. In an ƙirga aka ga saɓani, an san cikin kwana nawa abin ya faru, an kuma san wanda ke riƙe da makulli. Tana kuma nuna kayan da ke tafiya da waɗanda suka kwanta, domin kada mutum ya zuba jarinsa a kayan da ba mai nema.

Na biyu, bashi. 'Yan kasuwa da yawa ba rashin ciniki ke karya su ba, bashin da ba a karɓo ba ne. Na'ura tana jera masu bashi bisa daɗewarsa: na wata ɗaya, na wata biyu, na wata uku. Mai dukiya sai ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa, da wanda zai daina bai wa kaya.

Na uku, albashi. In an shigar da sunan ma'aikaci, da matsayinsa, da lambar asusunsa sau ɗaya, na'ura za ta yi lissafin haraji da na fansho ko wane wata, ta tura wa banki jerin sunaye. Aikin da ya kan cinye mako sai ya ƙare da hantsi, babu ambulan, babu layi a bakin taga.

Na huɗu, daidaita littafi da takardar banki. Tun da aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma ta waya da na'urar POS. Kuɗi na shigowa ƙanana-ƙanana daga mutane da dama. Manhaja tana iya ɗauko bayanin banki ta gwada shi da rasit ɗaya bayan ɗaya, ta ware waɗanda ba su sami abokin haɗi ba, domin akawu ya bincika su kaɗai.

Bayan waɗannan akwai wani amfani wanda ya fi su duka, shi ne sawu. Manhaja ta ƙwarai tana rubuta sunan wanda ya shigar da ko wane adadi, da rana, da sa'a. In an gyara, tana ajiye na farko da na biyu. Ana iya yage shafin littafi, amma share sawu a irin wannan na'ura yana da wuya. Wannan kariya ce ga mai dukiya, kariya ce kuma ga ma'aikaci mai gaskiya, domin ba za a ɗora masa laifin wani ba.

ABIN DA GWAMNATI TA YI

Gwamnati ita ce ta fi kowa yawan ma'aikata da yawan littattafai, saboda haka a wurinta aka fi ganin aikin nan a fili. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS, wanda ke tara sunayen ma'aikata wuri ɗaya, ya biya ko wanne kai tsaye cikin asusunsa, domin a kawar da ma'aikatan bogi, watau sunayen da ke karɓar albashi alhali babu masu su. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya da bankuna suka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda a ke ɗaure ta da zanen yatsun mutum. Da ita a ke gane in asusu goma na mutum ɗaya ne. A 2015 aka umurci ma'aikatun Tarayya su mai da kuɗinsu asusun bai ɗaya a Babban Banki.

Jihar Kaduna ta bi wannan hanya a shekarar nan ta 2015. Gwamnatin Jihar ta bayyana cewa ta rufe asusu wajen 470 da ma'aikatu suka buɗe a bankuna dabam-dabam, aka tattaro fiye da naira biliyan 24. Kuɗin nan da ma na Gwamnati ne, sai dai babu wani ofishi ɗaya da ya ke ganin jimlarsu, har ta kan yiwu wata ma'aikata tana neman rance alhali wata tana da kuɗi a kwance. An kuma tantance ma'aikata ta hanyar ɗaukar hoto da zanen yatsu.

A 2016 aka kafa dokar da ta tattara harajin Jihar wuri ɗaya, ta ba Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna, watau KADIRS, ikon karɓa, ta kuma hana karɓar haraji da tsabar kuɗi hannu da hannu. Mai biya sai ya biya ta banki ko ta na'ura, ya karɓi rasit. Kuɗin shiga da Jihar ke tarawa da kanta bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, amma ya haura biliyan 50 a 2020. Ba za a ce na'ura kaɗai ta kawo wannan ba, gama akwai kuɗin filaye, da karɓo tsofaffin basussuka, da kuma faɗuwar darajar naira. Abin lura shi ne, doka ce ta fara toshe ƙofar da kuɗi ke zurarewa, na'ura kuma ta tsare ƙofar da ta rage.

Gyaran bai tafi babu tuntuɓe ba. A lokacin tantancewa, waɗansu ma'aikata na gaskiya sun sha jiran albashi kafin a daidaita sunayensu. Malaman jami'o'i kuma sun daɗe suna kukan cewa IPPIS bai dace da irin aikinsu ba, har a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a fid da manyan makarantu daga cikinsa. Darasin a nan shi ne, tilas a auna tsari da jikin aikin da zai yi, kamar yadda tela ke auna mai riga, a kuma tanadi ofishin da wanda aka yi wa kuskure zai kai kukansa a saurare shi da wuri.

ABIN DA NA'URA BA TA IYAWA

Na'ura ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta ke tarawa. In yaron kanti ya sayar da buhu 20 ya shigar da 18, jimla za ta fito tsaf, an buga ta da kyakkyawan rubutu, amma ƙarya ce. Har ma ta fi ta littafi haɗari, domin mutane su kan gaskata abin da ya fito daga inji ba tare da bincike ba. Saboda haka ƙirga sito da hannu, da ƙirga kuɗin akwati, ba su da ranar dainawa.

Na'ura ba ta raba aiki. Tsohuwar dokar Baitulmali ita ce, wanda ya rubuta bauca ba shi ne zai sa mata hannu ba, ba kuma shi ne zai biya ba. In an ba mutum ɗaya ikon shigar da sabon suna cikin jerin albashi, da ikon amincewa, da ikon turawa banki, to, an ba kura ajiyar nama. Haka kuma in ma'aikata uku suna shiga da lambar sirri ɗaya, sawun nan da aka ambata ya ɓace, domin ba za a san ƙafar wa ce ba.

Na'ura tana da ɓarayinta. Akwai masu nuna saƙon banki na jabu a waya su ɗauki kaya su tafi. Kada a saki kaya sai an ga kuɗi cikin asusu. Akwai kuma masu bugo waya su ce daga banki su ke, su nemi lambar sirri. Banki ba ya tambayar wannan lamba.

Na'ura tana bukatar wuta, tana kuma lalacewa. Wanda ya tara lissafin shekara biyar cikin kwamfuta ɗaya, ranar da aka sace ta, ko gobara ta ci ta, ko ruwa ya shiga, ya rasa sanin wanda ya ke bi da wanda ke binsa. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta wajabta wa kamfani ya adana littattafan kuɗinsa har shekara shida, kuma lalacewar inji ba hanzari ba ce a gaban mai binciken haraji.

Daga ƙarshe, na'ura ba ta mai da hasara riba. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsai da aiki a Kaduna a 2007, dubban mutanen Kakuri da Makera suka rasa abin yi. Ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da atamfar da a ke shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, su ne manyan dalilai, kuma babu manhajar da za ta yi maganinsu. Abin da lissafi mai kyau ya ke yi shi ne ya nuna wa mai dukiya rami tun yana nesa, sa'ad da sauran dabara ba ta ƙare ba.

MATAKAN DA YA KAMATA A BI

1. A raba kuɗin sana'a da kuɗin gida. A buɗe wa sana'a asusunta dabam. In maigida ya ɗauki kuɗin cefane daga akwati, a rubuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

2. A zauna da ma'aikata a bi hanyar kuɗi da ta kaya tun daga shigowa har fita, a zana ta a takarda. Duk rubutun da a ke yi sau biyu, da duk sa hannun da ba shi da dalili, a soke shi. In an ɗora na'ura a kan karkatacciyar hanya, sai dai ta ƙara wa ɓarna sauri.

3. A zaɓi manhaja daidai girman sana'a. Mai kanti ɗaya jadawali ko manhajar waya ta ishe shi. Mai ma'aikata da rassa ya nemi shawarar akawu mai takardar shaida, kamar ta ƙungiyar ICAN da aka kafa a 1965, ko ta ANAN. A tambayi mai sayarwa abu uku: ko tana aiki in babu intanet, nawa a ke biya ko wace shekara, da kuma ko mutum zai iya kwashe bayanansa in ya so barinta.

4. Kafin ranar farawa a ƙirga sito, a ƙirga kuɗi, a tabbatar da ko wane bashi tare da mai shi. Adadin da aka fara da shi shi ne harsashi.

5. A ci gaba da riƙe littafi tare da na'ura har wata biyu ko uku, ana gwada jimlarsu. Sai sun daidaita a kai a kai sa'an nan a ajiye littafi.

6. Ko wane ma'aikaci a ba shi lambar sirrinsa, da iko gwargwadon aikinsa. Ranar da ya bar aiki, ranar za a rufe ƙofarsa.

7. A riƙa kwafe bayanai ko wace rana, a ajiye kwafin a wani wuri dabam da kantin. Lokaci-lokaci a gwada buɗe shi, a tabbata yana aiki.

8. Mai dukiya ya sa wa kansa rana guda a mako wadda zai zauna ya karanta rahoto: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ke sito, da bashin da ke waje. Rahoton da ba a karanta ba, da shi da babu duk ɗaya.

MATSAYIN AKAWU

Waɗansu akawuna suna tsoron na'ura za ta raba su da abincinsu. Gaskiya ne aikin kwafa da tara adadi ya ragu, ba kuwa zai dawo ba. Amma aikin da ya rage ya fi wancan daraja. Ana bukatar wanda zai duba jimla ya ce wannan ba ta yi kama da gaskiya ba, wanda zai tambayi dalilin da ya sa man janareta ya ninka alhali ciniki bai ƙaru ba, wanda kuma zai iya gaya wa maigida maganar da ba ya son ji. Tun da hukumar harajin Tarayya ta koma karɓar bayanan haraji ta intanet da tsarin TaxPro-Max a 2021, bukatar akawun da ya san littafi ya kuma san kwamfuta sai ƙaruwa ta ke yi. Samari da 'yan mata masu koyon wannan aiki su riƙe duka biyun, kada su saki ɗaya.

Ga mai sana'a kuwa, lissafi mai tsabta shi ne shaidarsa. Da shi banki zai yarda ya ba shi rance, da shi zai kāre kansa in an yanka masa harajin da ya wuce ƙima, da shi kuma magada za su san abin da aka bari ba tare da jayayya ba. Duk wanda ke da tambaya game da biyan haraji ta banki ko ta na'ura, sai ya je ofishin KADIRS mafi kusa da shi. Kada ya miƙa wa kowa tsabar kuɗi da sunan haraji, kuma kada ya bar wurin biya sai da rasit a hannunsa.